Fankar da Na Ce Ta Isa

Madadi, Gwarzo
8 ga Janairu, 2024

Zuwa ga ɗana Tasi'u, a garejinsa na naɗin waya da walda, Dugabau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Uwaliya da yara. Yaya jikin mahaifiyarka? An ce mini ƙafar ta sake kumbura. A gaishe ta, a ce mata ɗan'uwan mijinta na Gwarzo bai manta da ita ba. Mu nan muna lafiya gwargwadon yadda Allah ya bar mu. Hajiya Asta ta fara cin abinci, ko da yake ba da yawa ba.

Na kira wayarka sau huɗu tun ranar da ka zo ta'aziyya, ba a ɗauka ba. Ban fassara hakan da komai ba. Na koma ga takarda, wadda da ma ita na fi sabawa da ita, na ba Ɗanladi direba ya miƙa maka.

Makon jiya aka raba gadon marigayi a gaban alƙali. Injin leza da yake zana rubutu da shi a kan katako da roba ya faɗa a rabon matarsa Zulaiha da 'yarsu. Na ba da shawarar a sayar. Zulaiha ta ce ba za ta sayar ba: ita take tsara masa zane a kwamfuta tun farko, ta iya aikin, kuma da shi za ta ciyar da marainiya a wannan lokaci da mudun masara yake gagarar mai albashi. Za ta fita takaba ranar ashirin ga Fabrairu, washegari ta buɗe shagon. Shari'a ta ba ta abinta, ba ni da ikon hana ta.

Ka ji abin da likita ya faɗa. Cutar asma ta ƙuruciya ba ita kaɗai ta kai yaron nan kabari ba. Huhunsa ya lalace da wani abu da ya daɗe yana shaƙa. Shekara biyu ya yi a shagon. Fankar da take zuƙe hayaƙi daga injin, kai ka kafa ta. A lissafin da na yi a lokacin, ya kamata ta isa. Tunda ba ta isa ba, akwai inda aka kauce, kuma ina so in san wurin.

Saboda haka ina roƙonka ka rubuto mini da hannunka: ƙarfin fankar, ko sabuwa ce ko ta hannu, faɗin bututun da tsawonsa, da ranar da aka kafa. Ina buƙatarsu a rubuce kafin in ɗauki mataki na gaba.

Babanka,
Jibirin Ɗanmalam

*

Madadi, Gwarzo
22 ga Janairu, 2024

Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Mu muna lafiya, sai ƙaramar yarinyar da take fitar da haƙora.

Ɗanladi ya tabbatar mini cewa a hannunka ya sa takardata, kana tsaye a bakin gareji, kuma a gabansa ka buɗe ta. Yau kwana goma sha huɗu ke nan.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Fiziks, na saba da ɗalibin da yake jinkirin kawo amsa. Amma a aji babu wanda yake mutuwa saboda jinkiri. Saura kwana ashirin da tara Zulaiha ta fita takaba. Jiya ta aiko aka ɗaukar mata makullin shagon daga ɗakin Hajiya.

Abu huɗu na tambaya. Ba za su cika rabin shafi ba.

Jibirin

*

Dugabau, Kabo
29 ga Janairu, 2024

Baba Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Inna tana amsawa, ƙafar da sauƙi.

Ni ba ɗan boko ba ne, zan rubuta yadda na iya. Na karanta takardarka, na ba Uwaliya ta karanta, na kai wa limaminmu ya karanta. Dukkanmu abu ɗaya muka gani. Ka ambaci alƙali, ka ambaci likita, ka ce in rubuta da hannuna, ka ce mataki na gaba. Liman ya ce in yi hattara, wannan shirin ƙarar kisan kuskure ne, diyya za a nema. Tun ranar Inna ba ta daina kuka ba. Ni da kai kakanmu na sama ɗaya, Baba. Idan kotu za ka kai ni, ka faɗa mini kai tsaye, ba sai an yi mini jarrabawa ba.

To ga amsarka. Sabuwa ce a kwalinta, a Sabon Gari muka saye ta ni da Najmuddeen. Ƙaramar fankar cikin bututu ce, wat ɗari. Bututun inci huɗu, irin mai zobe-zobe da ake lanƙwasawa. Tsawonsa mita goma sha ɗaya, ya sha kwana huɗu, wato lanƙwasa huɗu. Watan Nuwamba na 2021 muka kafa.

Ka san me ya sa ya kai mita goma sha ɗaya? Ranar da na je, na ce wa Najmuddeen injin nan bulowa yake so, babbar fankar nan mai siffar katantanwa, wat ɗari biyar da hamsin, da bututu inci shida. Na ce a huda bangon baya, taku biyu hayaƙi ya fita. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Tasi'u, bangon surukina ne fa. Ni da ko a hanya na hango Malam Mijinyawa sai na sake layi, ni zan je in ce masa zan huda masa gida?" Na ce to babanka ya je. Ya ce zai gaya wa Hajiya ta gaya maka.

Washegari Hajiya ta miƙo mana takarda. Na ajiye ta a cikin kwalin fankar, ga hotonta nan na haɗo maka, asalin yana wurina. Rubutunka ne. Lissafi shafi guda, a ƙasa ka ja layi biyu ka rubuta: "Ƙaramar ta isa, kuma batirin sola zai ɗauke ta. Kada a taɓa bangon Malam Mijinyawa. A bi da bututun ta sama zuwa titi."

Mun bi ta sama. Na hau silin da kaina. Da muka kunna, na sa hannu a bakin bututun ta waje, iskar da take fita ba ta kai numfashin akuya ba. Na ce masa wannan ba ta yi ba. Ya ce, "Malam ya lissafa." Ya faɗe shi kamar yadda ake cewa an karanta a littafi. Ni mai walda, me zan ce?

Laifina da na sani shi ne na kafa abin da na san bai yi ba, na tafi. Da shi nake kwana, shi ya sa ban iya ɗaukar wayarka ba. Amma Baba, shagon nan taku arba'in ne daga ƙofar gidanka. Sau nawa ka shiga? Da ka tsaya minti biyar yana yankan roba, da idonka ya yi ruwa kamar yadda nawa ya yi. Ko a takardun nan biyu ba ka kira sunansa ba, sai "marigayi", "yaron nan". Na san ɗan fari ne, na san kunya. Amma ya mutu, Baba. Kunyar wa ake ji yanzu?

Ka yafe mini idan na yi rashin ladabi.

Tasi'u

*

Madadi, Gwarzo
5 ga Fabrairu, 2024

Ɗana Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyarka gaisuwa ta musamman. Ka karanta mata wannan sakin layi da bakinka: babu ƙara, babu diyya, ban taɓa nufin haka ba, kuma na rubuta wannan da hannuna don ya zama hujja a wurinku. Matakin da nake nufi shi ne sayen wata fankar. Na sake karanta takardata ta farko, na ga yadda mai tsoro zai fahimce ta. Na kuma ga, tunda gaskiya ake faɗa, cewa lokacin da na rubuta ta ina fatan kuskuren naka ne.

Na duba hoton. Rubutuna ne, kuma babu kuskure a haɗawa ko ninkawa. Kuskuren yana gaba da lissafin. Na ɗauki girman ɗakin, na ɗauki lambar da aka buga a jikin kwali, na yi kamar ina lissafin iskar da aji yake buƙata. Lambar kwali kuwa ta fanka ce da take juyawa a fili, babu bututu a gabanta. Kowace mita ta bututu tana rage mata ƙarfi, kowace kwana tana cin abin da mita da yawa za su ci, zoben cikin bututun kuma yana karya iskar tun daga farko har ƙarshe. Na sake lissafin da mita goma sha ɗaya da kwana huɗu. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan darasi ne da nake koya wa 'yan aji biyar, har ina sa su hura iska ta kara gajere da kara dogo su ji bambanci. Na ba da umarnin a bi ta sama, ban tambayi nisan saman ba.

Ka tambayi sau nawa na shiga. Ban taɓa shiga ba. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayanmu ba, bai taɓa zama inda yake ba, haka na tashi na gani, haka na yi. Nakan ji tarinsa idan ya wuce ta soro. Sai in ce wa Hajiya, "A ce wa yaron nan ya je asibiti." Da ya yi allon sunan makarantar Islamiyyarmu, mutane suna ta yabo a masallaci, na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Na ɗauka hakan tarbiyya ce. Ban zo nan don in yi hukunci a kan al'adar iyayena ba. Ina dai gaya maka abin da ta saya mini.

Ranar Alhamis na karɓi makulli a wurin Zulaiha na shiga. Wata uku da rabi a rufe, amma warin yana nan, yana kama maƙogwaro. Ƙarafan da kan injin yake gudu a kansu sun yi tsatsa, haka kusoshin ƙofa, haka almakashin da yake rataye. Ɗaki busasshe ba ya yin irin wannan tsatsa. Na ɗebi guntayen robar da suke ƙasa na kawo gida. Na gasa wayar tagulla, na dangwala a robar, na mayar cikin wuta. Harshen wutar ya koma kore. Ma'anarsa akwai sinadarin kulorin a ciki, kuma idan aka ƙona ta, hayaƙinta asid ne. Zulaiha ta ce tun da aka cire tallafin mai, farar roba mai kyau ta ninka kuɗi, sai ya koma sayen wannan mai araha don kada ya ƙara wa makarantu farashin bajo. Abin da ya ci ƙarfe a wata biyar, shi yake shaƙa daga safe zuwa la'asar.

Ga abin da nake so, idan za ka yarda. Bulowar da ka faɗa tun farko, wat ɗari biyar da hamsin, ko sama da haka idan ka ga dama. A wannan karo ra'ayinka yana gaba da nawa. Bututu inci shida na kwano mai santsi. A ɗora bulowar a ƙarshen bututu, ta waje, domin ta riƙa zuƙa, kada ta riƙa turawa. Idan bututun ya yi ɗigo, iska ce za ta shiga, ba hayaƙi ya fito ba. A buɗe taga a gaban shago don iska ta samu hanyar shigowa. Robar nan kuwa na kwashe ta duka, na koya wa Zulaiha gwajin tagulla.

Game da bango, ina tunanin ko za a iya rage kwanar zuwa biyu ta saman rufi, ba tare da an dami Malam Mijinyawa ba. Bayan bangon cikin gidansa ne, wurin iyali. Ka duba mini.

Saura kwana goma sha biyar.

Babanka,
Jibirin

*

Dugabau, Kabo
10 ga Fabrairu, 2024

Baba Malam,

Ina gaisuwa. Inna ta ji saƙonka, ta ce Allah ya saka, ta yi barci.

Ina da motar lantarki mai ƙarfin doki ɗaya da na cire daga injin markaɗe, na sake mata naɗi da sabuwar waya. Na fara lanƙwasa gidan katantanwar jiya. Za ta ci wuta, sola ba zai ɗauka ba, sai janareta, kuma na san kuɗin mai. Zulaiha ta tara aikin yanka ta yi shi a awa biyu, ya fi ta wuni tana shaƙa.

Amma maganar kwana biyu ta saman rufi, a'a. Na karanta wurin sau uku don kada in sake yi maka mummunar fahimta. Shafi uku ka rubuta kana bayanin yadda bututu yake kashe fanka, a ƙarshe ka ce in duba maka yadda za a sake kewaye bangon. Ba zan duba ba. Sau ɗaya na kafa abin da na san bai yi ba saboda Malam ya lissafa. Idan ba a huda bangon nan ba, bulowar tana garejina, ka nemi wani.

Ba a gidan Malam Mijinyawa hayaƙin zai zauna ba. Rami ne inci shida, bututu ya cika shi, ba mai leƙa kowa. Ya fita, kwana ɗaya, ya miƙe sama mita uku ya wuce rufi. 'Yarsa ce za ta zauna a shagon nan, Baba. Ka je ka tambaye shi.

Ni ba zan zo ba. Ban iya haɗa ido da Hajiya ba tukuna. Zan ba Ɗanladi kayan da zanen yadda za a ɗaura, kowane magini zai iya. Amma a gwada kafin ta fara: a kunna turaren wuta a cikin injin, a rufe murfi, a tada bulowa. Idan mutum ya ji ƙamshi a ɗakin, ba ta yi ba. Kuma kada a aiki Hajiya ta shinshino maka. Kai za ka tsaya.

Tasi'u

*

Madadi, Gwarzo
22 ga Fabrairu, 2024

Ɗana Tasi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya da iyali duka. Hajiya tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ita ta ɗauko takardar daga hannuna ta kai muku, don haka idan ana gudun haɗa ido, ba ta san wanda zai fara ba. Ka zo kawai.

Na je wurin Malam Mijinyawa ranar Talata ta makon jiya, bayan ya sallami ɗalibai. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, shekara uku muna surukai, ban taɓa wuce zaurensa ba. Mun gaisa gaisuwa mai tsawo. Na yi masa bayani a tsare, na nuna masa zanenka, na ba shi tabbacin ba za a ga cikin gidansa ba. Ya saurare ni har na gama. Sai ya tashi ya ce in biyo shi.

Ya kai ni bayan bangon. Babu ɗakin mata a wurin, Tasi'u. Babu madafa, babu wurin zama. Wani lungu ne da ake tara itace da tsofaffin alluna, kaji suna kwana a kai. Ya ce tun kafin a gina shagon haka yake. Ya dafa bangon ya ce, "Malam Jibirin, wannan ne? Wannan ne aka yi ta kewayewa?" Ya ce yakan ji tarin ta cikin bangon idan ya zo ɗibar itace, ya yi niyyar magana, sai ya ga ba daidai ba ne suruki ya shiga harkar mijin 'yarsa alhali mahaifinsa yana raye, ga shi kuma masanin kimiyya. Bai jira magini ba. Ya aika aka kawo masa guduma da kurfi, shi ya fara sara da hannunsa. Bulo ɗaya ne. Bai kai minti ashirin ba haske ya shigo.

Kayanka sun iso ranar Asabar, an ɗaura ranar Lahadi yadda ka zana. Na sa aka sauko da tsohon bututun daga silin. A kwana ta uku ya toshe da wani baƙin danƙo, abin da ya rage na hanya yatsana biyu ba su shiga ba. Na yanke wannan guntun na ajiye a kan teburina, kusa da takardar lissafin.

Jiya da safe Zulaiha ta zo da kaskon turaren wuta, da yarinyar a bayanta. Na ce ta tsaya a waje. Na sa kaskon a cikin injin, na bari hayaƙi ya cika shi har gilashin murfin ya yi fari, sannan na ce a tada janareta. Na riƙe agogo. Daƙiƙa shida gilashin ya washe. Na zauna a kan kujerar marigayi minti talatin, turaren yana ci, ban ji ƙamshin komai ba. Malam Mijinyawa ya yi kira daga lungunsa cewa ga hayaƙin can yana tafiya sama da rufi. Na sa takarda a bakin tagar gaba, iska ta ja ta ciki. Aikinka ya yi. Zulaiha ta fara aiki da hantsi, allon sunan wani kantin magani, a kan katako.

Ba na jin sauƙi, kuma ba na neman a ba ni. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, malamai sun tuna mini, na gode musu. Amma na san kuma daƙiƙa shida, da bulo ɗaya, da taku arba'in.

Ka riƙe asalin takardar nan, kada ka dawo mini da ita. Duk ranar da wani mai ilimi ya aiko maka da lissafi daga cikin ɗakinsa, ka nuna masa.

Ka tambaye ni a takardarka ta farko kunyar wa ake ji yanzu, ban amsa ba. A cikin aljihun teburin shagon na sami wani ɗan katako da ya gwada injin a kansa ranar da aka kawo shi. Sunana ne a jiki, da "Malamin Fiziks" a ƙasa. Zulaiha ta ce ya yi niyyar ba ni, ya rasa ta hannun wanda zai aiko.

Sunansa Najmuddeen. Ni na zaɓa masa, na raɗa masa a kunne ranar da aka haife shi, kuma daga ranar ban sake faɗarsa ba sai yau, a takarda, ga mai walda a Dugabau.

Allah ya jiƙan Najmuddeen.

Babanka,
Jibirin Ɗanmalam